Ciyawar da Muka Ɗaure da Danshinta

Thornloe, Ontario
Yuli, 1961

Zuwa ga 'yata Doreen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatun jinya? Ya bayin Allah da ake ba ki kina koyon allura a jikinsu? Allah ya ba su haƙuri. Mamanki lafiyarta ƙalau, shanu lafiya, kare lafiya. Ni kaɗai ne a gidan nan na samu matsala, kuma ni na jawo wa kaina. A tsaye nake rubuta miki takardar nan, na ɗora ta kan kabad, don mazaunaina sun daina shiri da kujera. In kin ga rubutun ya karkace, ba jahilcin da kika sani ba ne kaɗai.

Ga yadda aka yi. Ciyawar timoti ta yi kyau bana, ban taɓa ganin gonar bayan rafi ta yi irin haka ba. Ta kai mini ƙugu, kawunanta dogaye, fure ya fara fitowa, daidai lokacin yanka ke nan. Rediyo ta ce za a yi ruwa. Gwiwata ta ce ba za a yi ba. Kin san tun da doki ya harbe ni gwiwar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, sai na bi ta. Na hau injin yanka da niyyar kwantar da gonar gaba ɗaya. Mamanki ta tsaya bakin shinge, hannu a ƙugu, ta ce, "Orval, yanki rabi ka ga abin da sama za ta yi." Na ce, "Gwamna, koma kicin, wannan aikin masana ne." Ta ce, "To ina masanan? Ni dai kai nake gani."

Washegari ruwa ya tsuge. In ya ɗauke, sai mu juya ciyawa, kafin ta sha iska ya dawo, haka muka yi ta yi har korenta ya fara komawa ruwan ƙasa. Ranar da rana ta ɗan leƙo, ga wani hadarin na haɗowa daga yamma, na ce yau ɗaurewa za mu yi. Ta ɗebi ciyawa ta murɗa a hannu, ba ta karye ba, lanƙwasa kawai ta yi. Ta kawo mini ita har ƙarƙashin hanci. "Wannan ce busasshiya?" Na ce ta kusa. Ta ce, "Kai ma ka kusa yin hankali, ga shi har ka yi furfura ba ka ƙarasa ba."

Muka ɗaure. Kowane dami nauyin ɗan maraƙi, saboda ruwan da ke ciki. A lodin ƙarshe ina can saman tirela ina jera su ina yi wa hadari gwalo, ita tana jan tarakta, taya ta faɗa rami, ni kuma na sauko ba ta tsani ba. Na dira kan ƙarfen da ya haɗa tirela da tarakta. Likita ya ce wani abu ya tsage a ƙugu, ba ɗaukar kaya, ba hawa tsani, sai yadda hali ya yi. Don haka ita ce ta jera dammunan a rumbun da ke saman ɗakin shanu, tana barbaɗa gishiri tsakaninsu yadda mahaifina yake yi in ciyawa ba ta gama bushewa ba. Ni ina ƙasa ina ba da umarni, ba mai ji sai kare.

Kada ki damu da mu. Ki riƙa cin abinci.

Mahaifinki, babban masanin sama,
Orval

Toronto
Agusta, 1961

Baba,

Ina gaishe ka, ya jiki? Ni lafiya lau, sai ciwon ƙafa, don a ɗakin marasa lafiya ba a zama. Na karanta takardarka a wurin cin abinci, na yi dariya har shugabarmu ta harare ni. Amma don Allah ka bi maganar likita. Kuma ku riƙa duba rumbun nan. Ka tuna yadda na maƙwabtanmu, gidan Pelkey, ya kama da wuta shi kaɗai shekarar da suka ɗaure da danshi.

Ba zan samu zuwa ba wannan hutun, an sa mu aikin asibiti. Sai Kirsimeti in Allah ya kai mu.

Mama fa? Ko layi ɗaya ba ta sa mini ba. Na san ba ta shiri da biro, amma ranar da zan taho, a tasha, ba ta ce mini komai ba sai, "Riƙe jakarki da kyau." Har yanzu tana jin haushin na bar ta da shanu ita kaɗai? Ka faɗa mini gaskiya, ban da wasa.

'Yarka,
Doreen

Thornloe
Nuwamba, 1961

Likitar gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan da sauƙi. Na koma zama kan kujera, an yi sulhu.

Ki sanar da mutanen Toronto rumbu bai kama wuta ba. Ya dai yi zazzaɓi. Kullum Mamanki sai ta hau ta soka rodi cikin dammunan, ta bar shi ya jima, ta zaro. Da farko ba ya riƙuwa sai da tsumma, wurin kuma yana wani ƙamshi kamar an toya burodi da ganyen taba. Muka jera bokitai a bakin ƙofa muna jira. Sannu a hankali ya huce. Na ce, "Kin gani? Gishirin tsoho." Ta ce, "Allah dai ya dubi shanu, ba kai ya duba ba."

Yanzu sanyi ya shigo, shanu sun koma ɗaki, mun toshe kowace kafa da buhu don kada ruwan shansu ya daskare. An fara buɗe dammunan. Cikinsu fari fat, sun manne kamar littafin da ya sha ruwa. In ta yanke igiya ta girgiza, sai wata farar ƙura ta tashi har fitila ta dushe. Shanu su hura hanci, su ci don ba su da wani gidan abincin. Ƙuguna bai yarda da tsani ba tukuna, don haka ita ke hawa safe da yamma ta zubo, ta girgiza musu. Ni an bar mini tatsa can ƙarshen ɗaki, aikin zaune, wanda dama shi na fi iyawa.

Ta samu ɗan tari. In ta gama ciyarwar yamma muka ci abinci, sai sanyi ya kama ta, ta lulluɓa da barguna jikin murhu haƙora na haɗuwa, da safe kuma ta miƙe garau. Na ce in taba ta fara sha a ɓoye can sama, ta sam mini. Mura ce ke yawo, matar fasto ma ta yi.

Batun Kirsimeti, ta ce in gaya miki kada ki zo, ki zauna ki yi karatunki. Na ce wane dalili zan bayar? Ta ce, "Ka ce hanya ba kyau." To hanya ba kyau. Ni a ganina kek ɗin ne ba ta so a raba uku. Gidan ma ya fi shiru, ba mai gyara mini magana in na saki baki. Zancen haushi kuwa, ni tun kafin a haife ki take jin haushina, ga ni nan da raina.

Mahaifinki,
Orval

Toronto
Disamba, 1961

Baba,

Ina gaishe ku. Ina lafiya. Na gane.

Zan yi Kirsimeti a asibiti, dama ana neman masu zama. Ga safa na aiko maka, ga mayafin wuya na Mama in tana so. Ta sha zuma da ruwan zafi don tarin. Ba sai ka riƙa wahalar da kanka da rubutu ba, ni ma aiki ya yi mini yawa.

Doreen

Thornloe
Fabrairu, 1962

'Yata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Na rubuta miki bayan sabuwar shekara ban ji amsa ba. Ko takardar ce ta maƙale a dusar ƙanƙara, ko ke ce kika maƙale. Ƙuguna da sauƙi. Mamanki ba sauƙi. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga ina neman yadda zan faɗe shi da wasa, ban samu ba.

Ta rame. Zoben aurenmu ya zame daga yatsarta ya faɗa bokitin madara. Daga gida zuwa ɗakin shanu sai ta tsaya ta dafa shinge ta huta. A kujera take barci, in ta kwanta numfashi ya ƙi. Likita ya zo ya saurari ƙirjinta, ya ce yana jin ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Ya yi allura ya bar ƙwayoyi, ya ce mura ce ta sauka ƙirji, in ba ta warware ba a ɗauki hoto a duba tarin fuka. Tun da kalmar nan ta fita, matan coci sai su ajiye miya a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa, su juya da sauri. Miyar dai da daɗi, ban mayar ba.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. In ta kwanta 'yan kwanaki a gida sai ta warware, ta ci abinci, ta fara zagina, in gode wa Allah. Sai ta ce ta warke, ta sa kwat ta nufi ɗakin shanu. In na ce zan hau rumbu da kaina ta ce, "Hau ka sake faɗowa, in yi jinyar shanu in yi taka?" Ta ture ni ta hau. Kafin mu gama abincin yamma zazzaɓi ya dawo, kuma kowace dawowa ta fi ta baya.

Sannan ki ji wannan. Ranar Kirsimeti ta ɗaura mayafinki, har yau bai bar wuyanta ba. Na ce mata kin yi fushi. Ta ce, "Gara ta yi fushi a can da ta zo ta gan ni haka. Na san 'yata. In ta ga wuyan nan nawa ba za ta koma makaranta ba, ta ƙare a gindin saniya kamar ni." Abin da ya kamata in rubuta miki tun Nuwamba ke nan, na tsaya zancen kek. Ta ce in na gaya miki sai ta fasa mini ɗaya ƙugun. To na gaya miki.

Orval

Toronto
Fabrairu, 1962

Baba,

Ina gaishe ku, amma ba lokacin dogon gaisuwa. Na yi ta neman ku a waya, an ce layinku ya tsinke tun guguwar da aka yi. Ka karanta wannan da kyau.

Na kai takardarka wa likitan ƙirji da ke koyar da mu, na haɗa da ta Nuwamba. Ya ce ba mura ba ce, kuma da wuya ya zama tarin fuka. Farar ƙurar nan fumfuna ce, ita ke cin huhun Mama. Shi ya sa take warwarewa a gida, ta koma ɗakin shanu ciwo ya dawo. Wasu ba ta kama su, wasu tana kama su, kuma duk shaƙa ɗaya tana barin tabon da ba ya gogewa.

Kada ta sake shiga ɗakin nan, ko da leƙe. In ta ƙi ji, ka sa kwaɗo ka ɓoye makulli. Ka fitar da ciyawar nan duka, kai ma ka ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma. Ka kai ta asibiti a ɗauki hoto, ka nuna musu takardar nan.

Baba, ka rubuta mini farar ƙura, a ƙasa ka rubuta tari, ni kuma mai karatun jinya ban haɗa su ba. Layin Kirsimeti kaɗai na karanta, na yi ta karanta shi. Taka ta sabuwar shekara ma ta zo, tana nan, fushi ya hana ni amsawa. Ka ce wa Mama ina zuwa da zarar na samu izini, in an hana ni in ajiye musu karatun.

Doreen

Thornloe
Maris, 1962

Doreen,

Gaisuwa. Mamanki tana asibitin gari, an sa mata iska a hanci. Tana magana, har ta kori wata nas da ta kira ta kaka.

Takardarki ta yi zamanta a gidan waya, don hanya ta toshe, motar share ƙanƙara ba ta iso mu ba. Kafin ta zo, Mamanki ta sake warwarewa, ta sake hawa. Ina tatsa na ji shiru ya yi yawa a sama. Na hau tsanin nan da ake hana ni, na same ta zaune jikin dami, leɓɓanta sun yi shuɗi, igiya na hannunta. Ban san yadda na sauko da ita ba. Armand Lachapelle maƙwabcinmu ne ya ja mu da dokinsa har bakin titi. Da na dawo na tarar da takardarki a akwatin wasiƙu.

Na kai wa likita, ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya tafi ya sa a ɗauki hoto. Ba tarin fuka. Sauran kamar yadda kika faɗa.

Ni da Armand muka kwaso ciyawar, fuska ɗaure da tsumma kamar 'yan fashin banki, muka jibge ta tsakiyar gona kan ƙanƙara, na zuba kananzir. Duk bazara muna tsaron kada ta kama wuta, da muka so ta kama sai ta ƙi, ta yi ta hayaƙi kawai. Ko a nan ma ba ta yi mini abin da nake so ba.

Sai ga shanu na kuka, rumbu wayam, kuma a watan Maris ba mai sayar da ko dami ɗaya a yankin nan, kowa tasa ta jiƙe bara. Armand shi ya yanka da wuri, ya tsira. Ya dubi shanuna ya ce, "Kawo tirela." Na ce zan biya in na sayar da maruƙa. Ya ce, "Shanuna ba sa cin takarda, Orval. Ciyawa na ba ka, ciyawa za ka mayar. Ajiyar baɗi ce nake kwashewa, in ba ka mayar ba ni ma na shiga uku." Na ce yankan farko nasa ne. Ya ce, "Busasshiya fa." Na ce ai ko kare a garin nan ya ji labarina.

Kada ki ajiye karatu. Na karanta mata layin nan naki, ta cire abin hancin ta ce, "Rubuta mata, in ta ajiye, kada ta zo jana'izata." Na ce, "Hazel, wace irin magana ce wannan?" Ta ce, "Rubuta." Na rubuta.

Orval

Thornloe
Mayu, 1962

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Mun ji daɗin 'yan kwanakin da kika yi mana a Ista, kuma mun fi jin daɗi da kika koma. Ni lafiya, ina tafiya kamar agwagwa amma ina isa. Mamanki ta dawo gida bayan tafiyarki. Zazzaɓi ya tafi, numfashi bai dawo ba. In ta ɗauki buta daga murhu zuwa tebur sai ta zauna ta huta.

Likita ya ce huhun ya yi tabo, abin da ya tafi ya tafi, sauran ne za a tsare. Ya ce ba ɗakin shanu kaɗai ba, har ni. Kayana, gashina, takalmana. Yanzu in na gama aiki sai in tuɓe a rumfar baya, in yi wanka da bokiti ina rawar sanyi, in sa kayan zuwa coci, sannan in shiga in gaida matata. Ta shinshina ni ta ce, "Wane ne wannan baƙon? Ina tsohon nan mai warin saniya?" Na ce ya tafi neman hankali. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ya daɗe bai tsaya ba. Na rage ba ta dariya. Ban san me kuma na iya ba.

Duk da haka makon jiya iska ta juyo daga wajen ɗakin shanu taga na buɗe, ta kwana a kujera. Likita ya ce in aka fara yanka da ɗauri a watan Yuli, yankin nan duk ƙura ne, ba zai lamunce ta ba. Dole ta bar gona kafin lokacin.

Ƙanwarta Edna ta ce akwai ɗaki a gidanta a Toronto, ba nisa da asibitinku, a ƙasa, ba hawa bene. Da farko Mamanki ta ce ba inda za ta. Ta ce a gidan nan ta haife ki, ita ta dasa itatuwan bakin hanya, me za ta kalla a birni, bangon wani? Na ce to mu sayar da komai yau mu tafi tare, in samu aikin gadi, dama na iya zama. Ta dube ni ta ce, "Da bakin wa za ka gaya wa Armand? Mutum ya kwashe abincin shanunsa ya ba ka, ka bar shi da rumbu wayam ka hau jirgi?" Na ce in bar masa gonar ya yanka da kansa. Ta ce, "Da hannu nawa? Tasa ma da ƙyar yake gamawa kafin ruwa. Ni zan tafi. Kai ka tsaya ka yanka, ka shanya, ka kai masa har ƙofa. In ka gama sai mu ga abin da ya rage."

Ban tambaye ta me take nufi da abin da ya rage ba. Ke ma kada ki tambaye ta.

Za ta hau jirgin ƙasa ranar Asabar ta farkon Yuni. Ki tare ta a bakin taragon, ba a ƙofar tasha ba, don ba za ta iya tafiyar ba, kuma ba za ta faɗa ba. Ki nemo keken marasa lafiya ki ce dokar tasha ce. In ta zage ki, alama ce mai kyau. Tana son shayinta da kauri, da filo uku. Ba ta son a tsaya mata a kai in tana tari, ki yi kamar kina wani aikin.

Ni ina nan. Timoti ta taso a gonar bayan rafi, kore shar, har inda muka ƙona ma ta fi ko'ina kyau, ba ruwanta da kowa. Sai ta yi kai, sai an samu rana, sai ta bushe har ta karye a hannu, sai na kai wa Armand dami na ƙarshe na jera masa a rumbu. Kafin nan ba ni da ikon zama mijin Hazel sai a takarda. Ki riƙa karanta mata, ki tsallake wuraren ban dariya.

Mahaifinki,
Orval